Garin Neman Gira a Rasa Ido: Gargaɗi ga Masu "Shara" a Rumbun Bayanai

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu tun da aka fara kwashe rajista daga takarda zuwa kwamfuta, kuma na gaji da ganinta. Da zarar shekarar karatu ta ƙare, ko an rufe wani reshe na kanti, ko an haɗe sassa biyu na ma'aikata, sai wani mai ƙwazo ya zauna gaban kwamfuta ya ce yau zai yi shara. Ya ga sunan ajin da ya riga ya fita, ya goge. Ya ga sunan unguwar da aka daina kai wa kaya, ya goge. Ya ga sunan majinyacin da ya rasu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya goge. Ya tashi yana jin kansa wasai, ya yi aikin lada. Bayan shekara biyu ko uku tsohuwar ɗaliba ta zo neman takardar sakamakonta don cike gurbin karatu, a buɗe kwamfuta a tarar babu ita babu alamarta, kamar ba ta taɓa taka ƙofar makarantar ba. A kira mai sharar, ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, aji kawai na cire, ban taɓa sunan ko yaro ɗaya ba." Kuma gaskiya ya faɗa, iyakar saninsa ke nan. To, wannan guntun sanin ne ya jawo ɓarnar, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Bayanin abin ba ya buƙatar dogon zance. Rumbun bayanai mai hawa-hawa shi ne wanda kowane bayani yake rataye a ƙarƙashin wani. Makaranta a sama, azuzuwa a ƙarƙashinta, ɗalibai a ƙarƙashin aji, sakamako da rasidin kuɗin makaranta a ƙarƙashin ɗalibi. Masana suna kiran na sama uwa, na ƙasa ɗa, kuma kowane ɗa uwarsa ɗaya ce. Folda a cikin folda da ke wayarka haka take. Manhajar DHIS2 da ma'aikatan lafiya ke shigar da alƙaluma a Nijeriya da Nijar ita ma haka aka jera ta, a Nijeriya daga tarayya zuwa jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, har zuwa asibiti. Iyakar abin da mai karatu ke buƙatar riƙewa ke nan.

"Abin da na gani shi na goge"

Wannan ita ce fahimtar da nake so mu tumɓuke daga tushe. Mutum yana kallon layi ɗaya a fuskar kwamfuta, sai ya ɗauka nauyin abin da zai goge bai wuce faɗin layin nan ba. Da biro da littafin rajista haka ne. Idan ka ja layi a kan "Aji shida" a shafin farko, sunayen yaran suna nan a shafukansu, ba su san ma abin da ka yi ba. Kwamfuta ba ta aiki da wannan hankalin. Duk lokacin da aka goge bayanin da wasu ke rataye da shi, dole rumbun ya yanke hukunci a kan makomar waɗancan, kuma ba a lokacin da ka danna maɓalli ake yanke hukuncin ba. An yanke shi tun ranar da aka gina rumbun, wataƙila shekara goma da suka wuce, a hannun wani da ba ka taɓa gani ba. Kai aiwatarwa kawai kake yi, ido rufe.

Mu koma asalin abin. A 1966 kamfanin IBM, tare da North American Aviation da Caterpillar, ya fara gina wani tsari don lissafin ɗimbin sassan da ake harhaɗa rokar Saturn V da kumbon Apollo da su, a shirin Amurka na zuwa duniyar wata. Tsarin ya fara aiki a watan Agustan 1968 a garin Downey na jihar Kalifoniya, daga baya aka sa masa suna IMS, kuma har yau manyan bankuna da kamfanonin inshora suna aiki da shi. A cikin IMS bayani yana iya sauka hawa 15, kuma ba a isa wurin ɗa sai ta hannun uwarsa. Ɗan ba shi da wani adireshi nasa na kansa. Saboda haka dokar a nan ba ta da kwana-kwana: idan aka aika umarnin gogewa, wato DLET, a kan uwa, duk abin da ke ƙarƙashinta ya tafi, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Ba a tambayarka ko ka yarda. Wanda ya sare reshe a gindinsa ba zai ce ganye da 'ya'yan da ke jiki ba da saninsa suka faɗi ba.

Waɗanda suka gina IMS sun san haɗarin, shi ya sa suka sa tarnaƙi. Manhaja ba ta isa ta goge bayani ba sai ta fara ɗauko shi ta riƙe, ta nuna cewa wannan ɗin take nufi. In ba ta yi haka ba, rumbun ya ƙi, ya mayar mata da lambar DJ. Mutanen da ke shirin kai ɗan'adam duniyar wata ba su amince wa hannunsu da gogewa kai-tsaye ba, amma mu a nan an ba kowa da kowa wuƙa da nama, tun daga shugaba har zuwa yaron da ya zo koyon aiki makon jiya.

Inda abin ya fi rikiɗa shi ne inda bishiyoyi biyu suka haɗu. A ɗauka makaranta tana da bishiyar ɗalibai a gefe guda, bishiyar darussa a ɗaya gefen. Rajistar da ɗalibi ya yi wa darasin lissafi tana zaune a ƙarƙashin ɗalibin, amma tana nuni zuwa ga darasin da ke can. Yanzu rajistar nan tana da uwa ta jiki, tana da kuma uwa ta alaƙa. To idan aka zo goge darasin lissafi fa? A nan IMS ya bar wa mai tsara rumbu zaɓi, ya rubuta harafi ɗaya a cikin ƙa'idojin rumbun. In ya zaɓi P, darasin ba zai gogu ba muddin akwai sauran rajista ko ɗaya da ke nuni gare shi, duk wanda ya gwada zai sha lambar DX, wato ya karya dokar gogewa. In ya zaɓi L, darasin zai ɓace daga jerin darussa, amma wanda ya biyo ta wajen ɗalibin da ya yi rajista zai ci gaba da ganinsa, domin rumbun alama kawai yake sawa a jikin bayanin, ba ya sakin gurbin sai hanyoyin biyu sun mutu. In kuwa ya zaɓi V, to ga abin mamaki: ranar da aka goge rajista ta ƙarshe, darasin da kansa zai bi ta, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

A sake karanta wannan na ƙarshen. Gogewa ba ƙasa kaɗai take gangarawa ba, tana iya hawa sama, tana iya tsallakawa wani rumbun. Ka cire ƙaramin abu a nan, babba ya faɗi a can. Duk wannan ya rataya ne a kan harafi ɗaya da ba ya bayyana a fuskar kwamfutar akawu. To ina maganar "abin da na gani shi na goge"?

Na san abin da samarin zamani za su ce: wannan labarin kakanni ne, mu yanzu da teburori muke aiki. Haka ne, tun da Edgar Codd na IBM ya fito da tsarin teburori masu alaƙa a 1970 yawancin manhajoji suka koma can. Amma rayuwa ba ta daina zama hawa-hawa ba. Ɗalibi har gobe yana cikin aji, rasidi yana ƙarƙashin mai saye, kuma tambayar tana nan inda take. Abin da ya sauya shi ne amsoshin sun ƙaru. A harshen SQL mai gina rumbu yana iya rubuta CASCADE, wato 'ya'ya su bi uwa. Yana iya rubuta RESTRICT, wato a hana gogewar gaba ɗaya sai an san yadda aka yi da 'ya'yan. Yana iya rubuta SET NULL, 'ya'yan su zauna amma gurbin sunan uwarsu ya zama fanko. Yana iya sa a mayar da su ƙarƙashin wata uwa da aka tanada tun farko. Yana kuma iya ƙin rubuta komai, ya bar alaƙar a cikin kansa kawai, wanda shi ne abin da akasarin masu haɗa manhajar gaggawa suke yi. Maɓalli ɗaya, launi ɗaya, kalma ɗaya a jiki, amma sakamako biyar mabambanta.

Ko da an rubuta dokar, ba a gama ba. SQLite, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu, ba ya tilasta dokokin alaƙa sai an kunna su da gangan a duk lokacin da aka buɗe rumbun. Tsohon injin MySQL mai suna MyISAM yana karɓar dokar a rubuce, ya yi shiru, ya yi watsi da ita. A Microsoft Access, wanda ƙananan ofisoshi da yawa ke amfani da shi, akwai ɗan akwati guda a wurin tsara alaƙar teburori, in aka yi masa alama 'ya'ya za su bi uwa. Idan ka goge da hannu zai gargaɗe ka, amma idan aka goge ta hanyar umarnin gogewa na jimla, ba zai ce maka uffan a kan 'ya'yan ba. Kamfanin Google yana da rumbuna biyu a ƙarƙashin Firebase: a Realtime Database in ka goge uwa komai ya tafi, a Firestore kuwa in ka goge takarda ƙananan tarin da ke ƙarƙashinta suna nan daram. Kamfani ɗaya, dokoki biyu masu karo da juna. Tsarin LDAP da manyan ma'aikatu ke adana sunayen ma'aikata da shi ba ya barin a goge bayani mai 'ya'ya, sai an faro daga ƙasa. Masu Django, kayan aikin da ake gina shafukan intanet da shi, sun daɗe suna barin 'ya'ya su bi uwa idan mai rubutu bai ce komai ba. Daga fitowa ta 2.0 a 2017 suka wajabta wa kowa ya faɗi zaɓinsa da bakinsa. Me ya sa? Domin sun ga shirun yana cin mutane.

Saboda haka duk wanda ya ce maka ya san abin da zai faru in ya danna "goge" alhali bai taɓa ganin ƙa'idar rumbun ba, kuma bai taɓa gwadawa ba, caca yake yi da kayan mutane.

Akwai kuma ɗaya fuskar ɓarnar, wadda ba a cika kuka da ita ba domin ba ta ihu. Wani lokacin uwa ce ke tafiya ta bar marayu. Sunan mai saye ya ɓace, rasidansa suna nan. Jimillar kuɗin wata ta ƙi daidaita da jimillar abin da ke gaban kowane mai saye, a shiga zargin mai karɓar kuɗi da sata, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Mafi muni, a ba sabon mutum tsohuwar lambar da ta zama fanko, ya wayi gari ya gaji bashin wani, ko kuma a asibiti ya gaji sakamakon gwajin jinin wani. Ga kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa a wasu halaye. Ka goge sunansa ka ce masa an gama, alhali lambar wayarsa da hotonsa da tarihin cinikinsa suna kwance a ƙasa. Ka yi masa ƙarya ba ka sani ba. Ka ga fahimtar nan ta "abu ɗaya na goge" tana cuta ta hanya biyu: ko ka goge fiye da nufinka, ko ka goge ƙasa da abin da ka yi alkawari.

Kada wani ya ɗauka wannan cutar ƙananan ofisoshi ce. A ranar 5 ga Afrilun 2022 kamfanin Atlassian na ƙasar Ostireliya, masu manhajar Jira da Confluence, sun so cire wata tsohuwar ƙaramar manhaja daga dandalin abokan cinikinsu. Wani sashe ya miƙa wa wani jerin lambobi. Sai dai maimakon lambobin ƙaramar manhajar, lambobin dandalin gaba ɗaya aka miƙa, wato lambar uwa a madadin lambar ɗa. Na'urar gogewar tana karɓar kowace irin lamba ba tare da ta yi tambaya ba. Cikin ƙasa da rabin sa'a dandali 883 na abokan ciniki 775 suka ɓace, kuma wasu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a mayar musu da nasu. Ƙwararru ne, an duba aikin kafin a sake shi, amma hawa ɗaya da aka kuskure a cikin bishiyar ya tsayar da aikin ɗaruruwan kamfanoni.

Daga nan sai mai taurin kai ya koma mafakarsa ta biyu: "To ai in an yi kuskure sai a dawo da shi, kwamfuta ba ta mantuwa." Wa ya faɗa maka? Kwandon sharar da ka saba gani na fayilolin kwamfutarka ne. Yawancin rumbunan bayanai ba su da shi sai in mai ginin ya ƙera shi da hannunsa. Da zarar an tabbatar da gogewa, sai dai kwafin ajiya, in akwai, in kuma yana aiki. A 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge foldar rumbunsu na ainihi yana zaton ta na'urar ko-ta-kwana ce, kimanin gigabait 300 suka tafi. Da aka waiwayi hanyoyin ajiyar da aka dogara da su sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, aka koma ga wani kwafi mai sa'a shida da ɗauka, aikin sa'o'in nan kuwa ya tafi har abada. A 1998 umarnin gogewa guda ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, kwafin ajiyar ma ya zama ba shi da kyau. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Su Atlassian suna da kwafin ajiya lafiyayye, duk da haka suka kwashe kwanaki, domin mayar da reshe ɗaya cikin bishiyar da sauran rassanta ke ci gaba da girma aiki ne mai wuya. Dole uwa ta fara dawowa da lambarta ta asali, sannan 'ya'ya, sannan jikoki, kowa a gurbinsa. Sake buga sunan ajin da hannu ba ya dawo da kowa, sabon aji ne fanko mai tsohon suna.

Na san ƙwayar cutar kwamfuta da ɗaukewar wuta da satar na'ura da ha'incin ma'aikaci su ma suna cin bayanai, amma waɗannan kowa yana tsoronsu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka mayar da lamarin gogewa wasa. Sakamakon tsohuwar ɗalibar nan guminta ne na shekara shida da kuɗin iyayenta. Tarihin majinyaci yana iya zama abin da zai hana a ba ɗansa maganin da jikinsu ba ya karɓa. Lissafin mamacin da ke cikin ƙungiyar adashe ko ta manoma haƙƙin magada ne, cikinsu har da marayu. Amana ce aka damƙa mana. Wanda zai ji kunyar yaga shafi daga littafin rajista a gaban mutane, shi ne zai goge shafi dubu da yatsa ɗaya ya tafi cin abincin rana. Shugabannin ma'aikatu kuma ba su tsira ba. A nemi manhaja mafi arha, a ba ɗan bautar ƙasa ya haɗa, ya gama shekararsa ya tafi da ilimin abin a kansa, a rubuta kalmar sirri ɗaya a manna a jikin bango kowa ya shiga da ita. Ranar da abu ya ɓaci a sami ƙaramin ma'aikaci a ɗora masa laifi. Wannan ba adalci ba ne.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, ga mai shigar da bayanai. Ka cire wa kanka tunanin cewa tsohon bayani datti ne. Rubutu ba ya cin wuri. Sunaye da makin ɗalibai na shekaru masu yawa ba su kai nauyin ɗan gajeren bidiyo ɗaya da ke wayarka ba. In kwamfuta tana nawa, da wuya a ce tsofaffin sunaye ne sanadi. In jerin ne ya yi maka tsawo a ido, abin da kake buƙata shi ne a ɓoye tsofaffin, ka nemi a yi maka hakan.

Kafin ka goge komai, ka buɗe shi ka ga me ke ciki. Aji ne? Ɗalibai nawa ne a ƙarƙashinsa? Reshe ne? Masu saye nawa, bashi nawa? Ka ƙirga, ka rubuta adadin a takarda. In abin yana da ko ɗa ɗaya, ka ɗauke hannunka ka tambayi na gaba da kai. In akwatin gargaɗi ya fito, ka karanta shi har ƙarshe. Yawancinmu mun saba danna "eh" tun kafin rubutun ya gama bayyana. In kuma manhaja ta ƙi goge abu, kada ka ce ta lalace, kada ka kira wani ya "buɗe" maka. Aikinta take yi, tana kare ka daga kanka.

In abin da ake so shi ne sauya tsari, to a kwashe 'ya'yan tukuna. Lokacin da aka cire Jigawa daga jihar Kano a 1991, ba a shafe Haɗeja da Gumel da Kazaure daga doron ƙasa an sake kafa su ba, mayar da su aka yi ƙarƙashin sabuwar jiha da mutanensu da tarihinsu. Haka za a yi a rumbu idan an haɗe azuzuwa ko an raba sashe: a buɗe sabuwar uwa, a mayar da 'ya'ya, a tabbatar tsohuwar ta zama fanko, sannan a yi maganar cire ta. In kuwa gogewar ta zama dole, a faro daga ƙasa zuwa sama, hawa-hawa, ana gani ana ƙirgawa.

Mafi alheri ma a daina gogewa, a koma rufewa. Ɗalibi ya gama, a sa masa alamar ya kammala da shekarar. Majinyaci ya rasu, a sa ranar rasuwa. Ma'aikaci ya bar aiki, a kashe damar shigarsa a bar sunansa, domin duk takardar da ya taɓa sa wa hannu tana rataye da sunan nan. DHIS2 ta yi wannan tanadin, asibitin da ya daina aiki ana sa masa ranar rufewa, alƙalumansa na baya suna nan cikin lissafin ƙaramar hukumarsa. Atlassian da kansu, bayan abin da ya same su, alkawarin da suka ɗauka ke nan: gogewa ta fara zama alama da za a iya janyewa, sai bayan wa'adi ta tabbata.

Na biyu, ga shugaban makaranta ko asibiti ko kanti. Ranka ya daɗe, ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka kare kayanka. Ka zaunar da wanda ya haɗa maka ita, ku bi jerin abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye shi: in aka goge wannan, me zai bi shi, me zai rage, wa ke da ikon yi? Ka sa ya rubuta amsar a takarda ya sa hannu, a ajiye a ofis. Kada ka tsaya a maganar baki, ka ce ya nuna maka. A buɗe ajin gwaji da ɗaliban gwaji biyu a kwafin rumbun, a goge ajin a gabanka, ka ga abin da ya faru da idonka. Ikon gogewa kada ya wuce hannun mutum ɗaya ko biyu, kowa kuma da sunansa da kalmar sirrinsa, don a san wa ya yi me, yaushe. Duk gogewar da ta shafi abu mai 'ya'ya a sa ta zama sai da izini a rubuce, mutum biyu su duba. Ka kuma san tsawon lokacin da doka ta ɗora maka ajiye takardu a fanninka. Cibiyoyin kuɗi a Nijeriya, alal misali, dokar hana halasta kuɗin haram ta wajabta musu riƙe bayanan hulɗa na aƙalla shekara 5.

Kwafin ajiya kuma, a yi shi kafin kowace babbar gogewa, ba bayanta ba. A ajiye wani a wajen ginin, wani a wurin da kwamfutar ofis ba ta da ikon taɓawa. Kowane zangon karatu ko kowane wata uku a ɗauko kwafin a gwada mayar da shi a wata na'ura. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko kwafi ne ba. Kuma a guji yin irin wannan aiki da yammacin Juma'a ko jajibirin Sallah, lokacin da kowa hankalinsa ya yi gida, wanda zai gyara kuma ya kashe waya.

Na uku, ga 'yan'uwana masu haɗa manhaja, ku ne kuka fi kowa nauyi. Kowace alaƙa tsakanin teburori biyu ku zaɓa mata doka da gangan, kada ku bar wa kayan aiki su zaɓa muku. Ku sa hani ya zama shi ne asali. Ku bar 'ya'ya su bi uwa a inda ɗan ba shi da wata ma'ana in babu ita kaɗai, kamar layukan kaya a cikin rasidin da ba a kammala ba. Kuɗi, sakamakon jarrabawa, tarihin lafiya, waɗannan kada su taɓa bin kowa. Ku bi zaren har ƙarshensa, domin doka ɗaya a hawa na farko tana iya tayar da ta hawa na biyu, ta biyu ta tayar da ta uku. Ku tabbatar rumbun yana tilasta dokar da kuka rubuta, ku gwada. Saƙon gargaɗinku ya faɗi adadi: za a goge aji 1, ɗalibai 48, sakamako 900. Wanda ya ga wannan zai ja hannunsa, wanda aka tambaya "Ka tabbata?" kawai kuwa kullum ya tabbata. In masu amfani da manhajar Hausawa ne, ku rubuta gargaɗin da Hausa. Kada ku sake ba wani lambar da aka taɓa ba wani. Duk aikin gogewa na jimla ya fara fitar da jerin abin da zai tafi, da sunaye, a duba kafin a sake shi, kuma ya ƙi karɓar lambar uwa a inda ake jiran lambar ɗa. Lokaci-lokaci ku bincika rumbun ku nemo marayu. Idan kuma mutum ya nemi a goge bayanansa bisa haƙƙinsa, ku bi su har inda suka ƙare, ku raba abin da doka ta ce a riƙe da abin da ya kamata ya tafi, ku gaya masa gaskiyar abin da aka yi.

Ku iyaye da ɗalibai da 'yan ƙungiya, ku ma kada ku kwanta. Ku karɓi takardar sakamako da rasidi a hannu tun abin yana da zafi, ku ɗauki hotonsu ku adana. Kada ku dogara da "yana cikin kwamfuta".

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kasafin kuɗi na musamman ko ƙwararre daga waje. Zama ɗaya ne da mai manhaja, takarda ɗaya, da dokar ofis cewa ba a goge abu mai 'ya'ya sai an ƙirga an nemi izini. Shugaban da ya ji wannan ya ƙi yi, ranar da bayanan mutane suka salwanta kada ya nemi akawu ya huce a kansa, shi ne zai amsa tambayar, a nan da kuma gaban Allah.